Daga Nima Zuwa Kwatano Neman Fitila

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a majalisarmu ta bakin titin Nima a nan Akra, kafin kofi ya kai baki wani ya ce, "Kawu Sule, yaya Kwatano? An samo hasken?" In na shiga masallaci, ana tambayata tun ban cire takalmi ba. Jiya har wani mai gyaran waya na unguwar Maamobi, wanda bai taɓa gaishe ni ba tun da uwarsa ta haife shi, ya tsallako titi yana cewa, yadda 'yan Gana ke kiran aboki, "Cale, Alhaji, ba mu labari mana." To ga shi nan a rubuce, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Mai labarin ta ba ni izini, na dai canja mata suna. Wanda ya gane ta ya bar wa cikinsa.

Ramatu 'yar yayata ce, Yaya Asabe. Tela ce a unguwar Alajo, shekarunta talatin da 'yan kai, 'yarta ɗaya, ta yi ɓari sau ɗaya, kuma tana son ƙari. Mijinta direban tirela ne, rabin rayuwarsa a kan hanyar Wagadugu take. Shekara uku da suka wuce aka duba ta a asibiti aka ga wani tabo a bakin mahaifarta. Ba ciwon daji ba ne, amma in an bar shi, can ya nufa. Aka yanke wurin da wata 'yar waya mai wuta, aka ce ta riƙa zuwa ana dubawa. Bana aka duba, abu ya dawo. Likita ta ce a sake yankewa. Abin da ya tsaya wa Ramatu a rai shi ne, bakin mahaifa shi ne ƙofar da ke riƙe ciki. An rage shi sau ɗaya. In aka sake ragewa, tana tsoron ba zai ƙara riƙe ɗa har wata tara ba.

Duk wannan da na zayyana muku kamar wani babban likita, a lokacin ban san ko kalma ɗaya a ciki ba. Kun san mu. A Zongo, daga cibiya zuwa gwiwa jikin mace ba shi da suna. Ciwon kai yana da suna, ciwon haƙori yana da suna, har ƙaiƙayin tafin ƙafa an raɗa masa. Amma da zarar abu ya sauka ƙasa, sai a haɗa shi duka a ƙunshe a ce "ciwon mata", kowa ya sunkuyar da kai kamar an yi rasuwa.

Ramatu ta yi boko, tana karatu a wayarta. Can ta ga cewa a wasu ƙasashe ana gwada maganin irin wannan tabon da haske, ba yanka, ƙofa tana nan yadda take. Ta faɗa wa uwarta, rabi da baki rabi da ido. Uwar ta kai maganar gaban majalisar likitocin tsakar gidanmu, waɗanda babu wadda ta taɓa riƙe allura sai ta ɗinki, amma kowacce ta fi asibiti sani. Wannan ta ce sanyi ne. Waccan ta ce an taka sawun iska ne. Wata ta kawo sassaƙe cikin jarka, wanda ko akuya ta sansana sai ta yi wasiyya. Wata huɗu suna shari'a, ana ɗaga ranar asibiti, har aka tsayar da wata Alhamis aka ce ita ce ta ƙarshe. Sai wata daga cikinsu, wadda iyakar tafiyarta a duniya Kasuwa ce da Madina ta nan Akra, ta yanke hukunci: 'yan Ingilishi ne masu son wuƙa, a ƙasar Faransi ba a yanka mutum.

Nan aka aiko a kira ni, don na yi shekara goma sha biyar ina sarin kayan mota a Kwatano.

"Sule, kai ka san Kwatano," in ji Yaya.

"Kamar yunwar cikina."

"Yarinyar nan ba ta da lafiya."

"Subhanallahi. Me ke damun ta?"

Ta dube ni kamar na shiga masallaci da takalmi. "Ciwon mata."

Na sunkuyar da kai, na ce Allah ya sawwaƙe. Ta ce an ce can akwai inda ake magani da haske, in bincika.

Na buga wa tsohon abokina Alhaji Garba na Zongon Kwatano. Bayan mun gaisa har kan kaji, na ce, "Alhaji, kuna da asibitin da ake magani da haske?" Na ji ya ɗaga murya yana tambayar matarsa, Hajiya Ladidi. Ya dawo ya ce, "Akwai, nan bayanmu. Mu da kanmu mun gani, kwana uku aka sallami namu." Na ce, "Na mata ne?" Ya ce, "Mata ne fal a ciki, namiji ma ba a barinsa ya daɗe." Ni ban tambaye shi wa aka kai ba, don ba a tambayar mutum lafiyar matan gidansa dalla-dalla. Shi ma bai tambaye ni ba, don ɗan mutunci ne. Muka yi sallama, kowa yana jin ya fahimci ɗan'uwansa sarai.

Da na koma wurin Yaya, kun san hali, sai da na ƙara gishiri. Na ce fitila ce daga Faransa, ko allura babu, kwana uku mutum ya miƙe yana dakan fufu. Ramatu ba ta iya tambayata baki da baki, sai ta aiko uwarta: a tambayi Kawu, ya faɗa musu irin ciwon? Na ce a gaya mata na faɗa musu komai, tun daga Bismillah har Amin. A kan wannan maganar tawa ta saki Alhamis ɗinta. Muka kama hanya ranar Laraba.

Bayan asuba muka isa tashar Tudu. Ni da 'yar jakata, Ramatu da ambulan ɗin takardun asibiti, Yaya kuwa kamar za ta yi hijira. Kular shinkafa da wake, gari, buta, matashin kai, da wani tulun shito, soyayyen yajin nan namu mai mai, wanda zai ciyar da Maamobi wata guda, wai ba a san abin da 'yan Faransi ke ci ba. Da ta ga Ramatu ta rungume ambulan a ƙirji, ta ce mutane za su gane asibiti za mu, ta ƙwace ta cusa cikin jakar abinci.

Ba mu wuce Tema ba wani mai kwat ya miƙe a tsakiyar mota da kwalba a hannu. Maganinsa yana warkar da basir, hawan jini, mantuwa, mugun mafarki da rashin ciniki. Da ya zo kan "matsalar iyayenmu mata", ya rage murya ya kanne ido, duk motar ta yi tsit don girmamawa. Yaya ta sayi biyu. Na ce, "Yaya, ai haske za mu nema." Ta ce, "In an ɗauke wuta fa?"

A Sogakofe, bakin gadar Bolta, masu burodi suka rufe motar har rana ta ɓace. Mutum bai buɗe baki ba an riga an ɗora masa burodi uku a cinya. Ramatu ba ta ci komai ba. Tana kallon ruwa ta taga, tana murza bakin mayafinta.

Iyakar Aflawo kuwa sai wanda ya gani. Kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa, mutum goma sun zama 'yan'uwanka. Wannan zai ɗaukar maka kaya, wancan zai nuna maka ƙofar da kake kallo da idonka, wani ya rantse ya san mahaifinka. Muka bi layi da katin ɗan ƙasa da katin rigakafi, aka ce a buɗe jaka. Yaya ta zuge jakar abinci, sai ƙamshi ya tashi har Togo. Murfin tulun shito ya kwance tun a ramukan hanya. Ambulan ɗin Ramatu yana iyo a ciki, ja wur kamar an yanka rago a kai. Ma'aikacin ya leƙa, ya yi atishawa, ya ce mu wuce don Allah.

Ni na fara dariya, sai na ga Ramatu ta tsuguna a gefen hanya tana zaro takardun ɗaya bayan ɗaya, tana goge kowacce da mayafinta, tana ɗaga ta a rana ta ga ko rubutun yana nan. Dariyar ta koma mini ciki.

Taku goma daga nan kana Lome, kuma duniya ta juye. Teku a damanka, burodi ya zama dogo kamar sandar makiyayi, da tauri irin wanda in ka buga wa ɓarawo sai an kai ka kotu. Suna tsaga shi su cusa masa taliya. Taliya cikin burodi, jama'a! Yaya ta ce ai ta faɗa.

Muka shiga tasi zuwa iyakar Binin, biyu a gaba, huɗu a baya, ni ina zaune rabi a kujera rabi a kan giya. Na gyara murya na saki Faransancina don Yaya ta san ƙaninta ba ƙaramin mutum ba ne. Direban ya saurara har na gama, sannan ya ce da tsantsar Hausar Maraɗi, "Alhaji, yi Hausa kawai ka huta. Ko da yake ita ma, na ji ta Nima ce." Duk hanyar yana kwaikwayon maganarmu, wai mukan fara zance da Hausa, mu bi ta Turanci, mu sauka a Tuwi, yaren mutanen Gana. Na ce masa mu a Nima harshe huɗu muke ci da shi, shi da ɗayansa ga shi yana tuƙa motar da ƙofarta igiya ce ke riƙe ta.

Muka ƙetare iyakar Hilakonji lafiya, sai dai ba wanda ya tuna mini cewa agogon Binin yana gaban namu da awa guda. Shekara goma sha biyar ina wannan hanyar, na manta.

Kwatano tana nan yadda na bar ta, ta ƙara hauka ne kawai. 'Yan acaɓa masu rigar ɗorawa sun fi ƙudaje yawa, fetur kuma a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi kamar zuma. Mu a Nima trotro muka sani, 'yar bas ɗin hayarmu, a matse ka a zage ka amma kana zaune. Nan kuwa sai da aka ɗora Yaya Asabe a kan babur, ta riƙe ɗan mutane a wuya tana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, shi yana ihun ta sake shi ya yi numfashi.

Alhaji Garba ya karɓe mu hannu bibbiyu. Aka ba ni ɗakin baƙi na zaure, mai fanka mai juyi kamar tana jin barci. Aka kawo wani farin tuwon masara mai tsami, a sanyaye, a nannaɗe cikin ganye. Tuwo a sanyaye! Mu da muka raɗa wa namu suna tuwon zafi don kada a yi kuskure. Amma soyayyen cukunsu, gaskiya, ya fi namu, na ci har na ji kunya, sannan na ƙara.

Da la'asar ina jiyo Yaya da Hajiya Ladidi a tsakar gida. Sun yi awa biyu cur a kan ciwon Ramatu. "Abin ne dai." "Ai abin ba daɗi." "Tun yaushe abin?" "An jima da abin." "Allah ya raba mu da abin." Mace da mace, ba namiji a kusa, amma tunda baƙunta ce, ba wadda ta kama sunan. Suka tashi kowacce ta gamsu.

Ranar Alhamis, ranar da ya kamata Ramatu tana kwance a asibitin Akra, Hajiya ta ce mu fita ƙarfe tara. Ni ina zaure ina shan shayi da agogon Gana a hannu, sai da aka aiko sau uku. Muka isa rana ta ɗaga, saura kaɗan su tafi hutun tsakar ranarsu, don mutanen nan in sha biyu ta wuce ko gobara ce sai ta jira su ci abinci. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce nan ne iyakarsa.

Hajiya ta shige gaba tana taku kamar ita ta gina wurin. Muka bi wani dogon baranda, ta tsaya a wata taga ta gilashi, ta buɗe hannu.

"Ga shi nan!"

Na leƙa. Haske kam akwai shi, shuɗi, mai kyau. A ƙarƙashinsa jarirai ne a jere cikin 'yan akwatuna, tsirara sai ƙyalle, an rufe musu ido, kamar 'yan tsaki a gidan gona. Iyayensu mata suna zaune a gefe, fal, yadda Alhaji ya faɗa.

"Nan aka sa jikana Abba da shawara ta kama shi," in ji Hajiya. "Ya yi ɗorawa kamar gwaiduwa. Kwana uku, ya dawo mutum."

Can Yaya ta ce, "To ai haske haske ne. A tambaye su ko akwai babban akwati."

Ramatu ta juyo ta dube ni. Tun tana goye ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba sai ran nan.

"Kawu, me ka faɗa musu?"

Na ce, "Na ce... ciwon mata."

"Shi ke nan?"

"Ai ni ma iyakar abin da aka ba ni ke nan."

Ta jingina da bango ta rufe ido. Wata nas ta gan mu cirko-cirko, ta karɓi takardun, ta sansana, ta dube mu, ta karanta, sai fuskarta ta canja. Ta ce mu biyo ta, akwai likitar mata a sama, ba ta tafi cin abinci ba tukuna.

Likitar dattijuwa ce, gajeruwa, da tabarau a kan hanci. Tana iya karanta Turanci amma ba ta iya mayarwa, Ramatu kuma ba ta jin Faransanci. Hajiya Ladidi ta ce nata Faransancin a kan tumatir ya ƙare, ta zame ta fita. Likita ta nuna ni da biro, ta nuna kujera. Na waiwaya ko akwai wani a bayana. Babu.

Tambayar farko da ta yi, wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Ga yayata a dama, ga 'yarta a hagu. Na share gumi na ce wa Ramatu, "Tana gaishe ki."

"Kawu, ba gaisuwa ta yi ba."

"To, tana tambaya ne a kan... abin nan. Na wata-wata. Da kuma shi... abin."

Ramatu ta ajiye jakarta a kan tebur. "Kawu, abin nan ne ya kawo mu Kwatano. Wata huɗu ana abin nan. Yau ya kamata a yi mini aiki, ga ni ina kallon jariran mutane. Sunansa bakin mahaifa. Al'ada kuma sunanta al'ada. Duk abin da ta faɗa ka faɗa mini yadda ta faɗe shi, in ba za ka iya ba ka tashi in nemi ɗan acaɓa ya fassara mini."

Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska tana salati. Ni kuwa na kalli silin, na faɗa. Silin bai faɗo ba. Na sake faɗa. Daga nan sai bakina ya saki, na zama tafinta sosai, har ina gyara zama.

Ga abin da likitar ta ce, ta bakina. Ramatu ba ta yi ƙarya ba, maganin haske gaskiya ne, amma ba wannan fitilar ba. Wani magani ake shafawa a wurin, a jira ya shiga, sannan a haska jan haske, ya kashe ɓatattun ƙwayoyin ya bar masu lafiya, ƙofa ba ta ragu ba. Ana gwada shi a wasu ƙasashe masu nisa, kuma ga tabon da ke sama-sama ana jin labari mai daɗi. Ita dai ba ta taɓa ganin na'urar da idonta ba, ba ta kuma san inda ake yi a nan kusa ba.

Ramatu ta ce, "Tambaye ta, in da akwai shi a nan, za ta yi mini?"

Likita ta jawo takarda ta zana wani abu kamar bakin tulu. Ta ɗiga biro a leɓen tulun, sannan ta ja layi zuwa cikin wuyansa. Ta ce bisa ga takardun nan masu yaji, na Ramatu ya shiga cikin wuya, haske kuwa ba ya nisa, inda ya gani nan yake aiki. Na biyu, haske a wurin yake kashe abu, ba ya ba ka komai a hannu. Wuƙa kuwa tana ciro yankin, a kai ɗakin gwaji a duba ko akwai daji da ya ɓuya a ƙarƙashi, a kuma ga ko an cire duka. Abin da aka kora ya dawo, in ji ta, ba ta yarda ta rufe ido a kansa ba, so take ta ga fuskarsa. Da 'yarta ce, yanka za ta ce.

Sannan Ramatu ta yi tambayar da ta taso da ita tun daga Alajo. "Zan iya riƙe ciki bayan haka?"

Na fassara. Likita ba ta yi mata zaƙin baki ba. Ta ce mata da yawa suna riƙewa. Ta ce haɗarin haihuwa kafin lokaci yana ƙaruwa, ba za ta ɓoye ba. In ciki ya samu, a riƙa auna ƙofar, in ta gajarta a ɗaure ta da zare har lokaci ya yi. Alkawari dai ba ta da shi. Sai ta ƙara da cewa, in aka tsaya yawo har abin ya zama daji, ba ƙofa za a rage ba, ɗakin ne gaba ɗaya za a cire.

Wannan ma na faɗe shi yadda ta faɗa. Na ji salatin Yaya ya tsaya a ƙarƙashin mayafi.

Likita ta ce, yaushe aka ba ta rana a Akra? Na ce yau. Ta cire tabarau ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta yi wata doguwar magana. Ita kaɗai ce ban fassara ba, don ba ta shafi Ramatu ba. Ni ta shafa, da furfurata, da abin da ke cikin kaina.

A bakin ƙofa majalisa ta sake zama. Hajiya ta ce Legas ba nisa, can babu abin da babu. Alhaji ya ce akwai wani malami a hanyar Fotonobo. Yaya ta fara lalubo kwalaben mai kwat. Ramatu ta ce, "Gida." Ba ta ƙara ko harafi ba, ba wanda kuma ya ƙara.

Dawowa ba ni da labarinta, don ban ga hanya ba. Na dai san Yaya ta bar tulun shito wa Hajiya, kuma daga Hilakonji har Tudu ba ta ba kowa shawara ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun zamanin mulkin soja.

Likitocin tsakar gida kuwa ba su girgiza ba. Kafin mu ajiye kaya sun gano bakin zaren: fitilar tana nan, 'yan Faransi ne suka ɓoye ta don mu ba 'yan ƙasa ba ne. Wadda ta ce a tafi ƙasar Faransi ta ce ita Abijan take nufi.

Ranar Litinin ni na raka Ramatu asibiti. Nas ɗin da ke ba da rana ta wanke mu tas, da Tuwi da Turanci, na tsaya na karɓa don na ci bashin abin da ya fi haka. Aka ba ta sabuwar rana, mako uku gaba. Mako ukun nan na rame har wandona ya fara neman ƙasa. Duk wanda ya ce mini irin wannan tabon ba ya juyewa a kwana ashirin, sai in ce na sani, amma ba shi ne ya ƙara gishiri ba. Mijinta ya ajiye tirela ya dawo. Aka yi aikin da safe, da yamma tana gida, abin da muka ƙetare iyaka biyu muna gudu. Aka kai yankin gwaji, aka ce a jira mako biyu.

Ina shago da hantsi wayata ta yi ƙara. Ramatu ce, ba ta bi ta kan uwarta ba.

"Kawu, sakamako ya fito."

Na zauna a kan wata tsohuwar taya. "Faɗi."

"Babu daji. An ce gefe-gefen duk tsaf, an cire shi duka. Amma ya fi yadda suka zata shiga ciki. Likita ta ce da haske aka yi, da an bar saura."

Na yi hamdala har masu wucewa suka tsaya. Sannan na tambaya, da sunansa, ba abin nan ba. "Bakin mahaifar fa?"

"Ya ragu sosai. An ce in dawo gwaji bayan wata shida, kafin nan kada in yi gaggawa. In Allah ya kawo ciki, sai an riƙa aunawa, wataƙila a ɗaure. Ba su ce zai tsaya ba, ba su ce ba zai tsaya ba."

Sannan ta ƙara da cewa:

"In ya zo, kai za ka riƙa raka ni awo. Mma kuka take yi, maigidan yana hanya, kai kuma ka riga ka ji komai."

Na ce na yarda, amma da sharaɗi ɗaya. Duk asibitin da za mu, trotro ɗaya ya kai mu.